A Yi wa Bakin Rafi Hurumi Tun Ba a Raba Gado Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in kai wata magana gaban malamai da hakimai.

Ni mutumin 'Yandoto ne, garin da ya yi suna da karatu tun kafin jihadi. Amma yau maganar itace da ruwa ta kawo ni. Gidanmu muna da fadama a bakin wani rafi, kakanmu ya bar mana ita da tsamiya da kanya da ɗorawa jere a gaɓa. Mu magada mun yi yawa, ga masu gawayi suna zuwa da kuɗi a hannu. Kadan aka raba, kowa ya sare nasa, damina uku ba za ta wuce ba sai ruwa ya cinye gaɓar, rairayi ya binne lambun. Wanda ya bi Gulbin Sakkwato daga Gusau zuwa Bunguɗu ya ga wuraren da haka ta faru.

A Amurka akwai wata dabara. Mai gona ya kan rubuta alkawari da gwamnati ko da wata ƙungiya, cewa ba za a sare dajinsa ko a yi gini a bakin koginsa ba har abada. Gonar tana nan tasa, ya noma, ya sayar, 'ya'yansa su gada, amma sharaɗin yana bin ƙasar duk hannun da ta shiga. A 1981 suka tsara wa jihohinsu samfurin doka a kan haka.

Da na duba sai na ga abin ba baƙo ba ne gare mu. Sayyadina Umar ya yi wakafi da gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Sayyadina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Iyayenmu kuma sun san hurumi da burtali da mashaya, ba wanda ke sa musu garma. A ƙasar Maraɗi, tun 1983 manoma suka shiga barin tohon itatuwa a gonakinsu, gawo da ɗanya suka dawo.

Shawarar da na kai wa 'yan'uwana ita ce, a auna taku talatin daga bakin ruwa a yi wakafi da shi. 'Ya'yan itacen na zuriya ne, mashaya ta kowa ce har da makiyayi, gatari kuwa ba ya shiga. Sauran fadamar a raba yadda shari'a ta ce. Wani ƙanen ubanmu ya ce daji ai maɓoyar ɓarayi ne a zamanin nan. Na ce masa, Baba, gaskiya ne, amma itatuwa jere a gefen lambu, masu su na kai da kawowa kullum, ba su ne Dajin Kuyambana ba.

Abin da ya rage shi ne takarda, domin alkawarin baka ya kan mutu tare da dattawan da suka ji shi. Tun Dokar Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun Gwamna, ta ƙauye kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izninta. Saboda haka ina roƙon Hukumar Zakka da Wakafi da ke Gusau ta shirya takarda mai sauƙi, wadda alƙali da hakimi da ƙaramar hukuma za su sa wa hannu. Malamai kuma su bayyana mana hukuncin irin wannan wakafi a mazhabar Maliki, tun ba a zo rabon gado ba.

Allah ya sa mu bar wa jikoki inuwar da muka tarar, amin. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, 'Yandoto.