Tumtum ɗin tsumma a ɗakin amarya

Mai karatu, in kana kallon finafinanmu ka san falon da nake nufi: manyan kujerun kushin a jere, labule har ƙasa, jaruma ta kishingiɗa tana waya. To, wallahi falon nan ne ya kusa hana ƙanwata tarewa.

Lokacin bikinta Baba ya sayi gado da katifa, kuɗi suka ƙare. Kujeru sai dai bashi, shi kuwa ya rantse ba zai ci ba. Amarya ta yi kuka har ido ya kumbura, wai me dangin miji za su ce?

Kawunmu tela ne. Ƙyallayen atamfa da shadda da yadi buhu-buhu yake tarawa a bayan shago, in sun yi yawa yara su kai bola a cinna musu wuta. Shi ya ce a ba shi sati biyu. Muka zauna muna tsincewa: duk mai zif ko maɓalli a cire, mai santsi kuma a ware shi gefe, don zamewa yake, ba ya danƙaruwa. Aka yayyanka, aka wanke, aka shanya har ya bushe ƙarau, domin in da ɗan danshi sai wari da funfuna. Dukawa suka ɗinka mana tumtum huɗu na fata, muka dinga ɗurawa muna kirɓawa da taɓarya. Kafinta ya buga doguwar kujerar katako, Kawu ya harhaɗa manyan ƙyallayen ya yi mata matasai.

Ranar jere wata gwaggon ango ta danna tumtum ɗaya da yatsa, ta ce, "Ikon Allah! Tsumma ne a ciki?" Mata suka bushe da dariya. Ni kaina, ba zan ɓoye maka ba, na ji kamar in nutse. Ƙanwata ta yi wata biyu ba ta je gaishe da Kawu ba.

Daga baya ta yi adashe ta sayi kushin ɗin nata. Soso ya lotsa tun tuni, tumtum kuwa suna nan, a kansu 'ya'yanta suke cin tuwo.

Abin da ya tuno min da maganar shi ne labarin wata Bafaranshiya, Clarisse Merlet. Tana ɗalibar zanen gine-gine a Faris a 2017 dabarar ta zo mata, ta kafa kamfanin FabBRICK. Niƙa tsofaffin tufafi suke, su kwaɓa da gam, su matse a inji ya fito kamar bulo, a yi kujeru da tebura da adon bango. Masu manyan kantuna na saye.

Na kai wa Kawu hoton a waya. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ke 'yar nan, tambayo min nawa suke sayen buhu."