Daren da kyandir ya zuba a kujerata

Ranar Alhamis da daddare aka ɗauke wuta a unguwarmu a Agege, janareta kuma ba mai. Na kunna jan kyandir na ɗora a hannun kujerar falo, abin da kullum nake hana mutane yi. Autana ya zo wucewa ya ture shi. Allah ya tsare wutar ta mutu, amma kakin ya malale a kan kushin da bai yi wata biyu da saye ba. Ga surukata tana tafe daga Zariya washegari.

Na kunna wani kyandir ke nan sai ga ƙanwar maigidana da kwalbar kananzir da tsumma. "Anti, bari in goge kafin ya bushe." Na yi wuf na riƙe hannunta. Soson kujera shan kananzir yake, ga harshen wuta a gefe. Da tabo muke kuka, da sai mu koma kukan gobara.

Aikina na harhaɗa magunguna ya koya mini halin kaki: ruwa ba ya wanke shi, gogewa da ɗuminsa kuma cusa shi take cikin zare. Don haka muka bar shi ya kwana.

Da asuba wuta ta dawo. Na sa ƙanƙara a leda na ɗora a wurin minti 10, kakin ya sandare, na kankare shi da cokali. Sai na shimfiɗa farar takarda, ba jarida ba don tawada na zuba, na bi ta kai da dutsen guga mai ɗan ɗumi. Kakin kyandir kan narke tun zafi bai kai rabin hanyar ƙona auduga ba, takardar kuma ta tsotse shi. Sau huɗu na canza ta. Jan launin da ya rage, bayan na cire dutsen guga na buɗe taga, na dangwale shi da sifirit a auduga, amma sai da na gwada a bayan kujera. In ta fata ce ko karan-miski, kada a kai mata dutsen guga.

Idan kuwa fatar yaro kakin ya ƙona, a zuba ruwan famfo mai sanyi minti 20. Ban da ƙanƙara, man goge baki da ɗanyen ƙwai.

Hajiya ta iso, na ba ta labari. Ko kallon kujerar ba ta yi ba, hannun jikanta ta kama tana dubawa. Da yamma na sayo fitila mai caji.