Amfilifayar da Muka Haɗa wa Kaka

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar rediyo ya san ba a rasa wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu, an ɗaure shi da noti a jikin farantin alminiyam. Masu gyaran rediyo suna kiransa aisi. Shi ne yake karɓar ƙaramar murya ya ƙara mata ƙarfi har ta iya girgiza sifika. A dā sai an jera taransisto da yawa kafin a sami wannan aiki, amma yanzu an tattara su duka cikin abin da bai fi kan ɗan yatsa ba. Da irin wannan aisi muka haɗa amfilifaya a dogon hutun da ya wuce.

Mu uku ne, 'yan gida ɗaya, biyu a aji biyar, ɗaya a aji huɗu. Kakarmu kunnenta ya yi nauyi. Ita kuwa ba ta kwana sai ta ji labarun duniya, ga ƙaramar rediyonta ko an mure ta har ƙarshe sai ƙara kawai take yi, maganar ba ta fita. Kullum sai ta kira ɗayanmu ta ce, "Kai maigidana, me suka ce?" Mun san in muka koma makaranta babu mai maimaita mata. Saboda haka muka yi ƙodagon noma har mako uku, muka haɗa kuɗin wuri ɗaya. Kuɗin ba su isa a sayi kaya sau biyu ba, wannan kuwa shi ya hana mu gaggawa.

Malaminmu na kimiyya ya zana mana taswirar aikin tun kafin a tashi hutu, ya kuma taimake mu zaɓe. Akwai LM386, wanda ƙaramin batir ya ishe shi, amma ƙarfinsa wajen wat 1 ne kawai. Akwai LM3886 mai ƙafa 11, wanda yakan ba da wat 68, sai dai taransifomarsa kaɗai ta fi ƙarfin aljihunmu. Muka tsaya a kan TDA2030A mai ƙafa 5, wanda yake ba da wajen wat 18 ga sifika mai om 4. Kada wani ya raina wannan. Manyan lambobin da ake rubutawa a kwalin wasu rediyoyi, wat dubu kaza, yawancinsu maganar talla ce. Wat 18 na gaskiya ya isa ya cika tsakar gida har maƙwabta su kawo ƙara.

Dalilin da ya sa muka nemi mai harafin A a ƙarshe yana da daɗin sani. Taransifomarmu tana ba da bolt 12 ta gefe biyu, da waya ta uku a tsakiya. In wutar ta bi ta dayod huɗu ta shiga manyan kafasita biyu, sai ta hau zuwa wajen bolt 16 a kowane gefe. TDA2030 marar A iyakarsa bolt 18 ne, ga shi kuwa wutar garinmu takan zo da ƙarfi wani lokaci. Mai A yana jure har bolt 22.

Aisin farko da wani mai shago ya sayar mana jabu ne. Allah ya sa muka biya ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa kafin mu koma gida. Ya ɗiga ɗan fetur a tsumma ya goga, sai rubutun ya share. Ya ce, "Samari, wannan ba ya kai ku ko'ina." Ya ɗauko wani mataccen irinsa daga cikin gwangwani, ya fasa da filaya, ya nuna mana ƙwayar da ke ciki, 'yar mitsitsiya, ba ta kai rabin ta gaske ba. Shi da kansa ya raka mu aka musanya mana.

Ƙafafun nan biyar ba wuyar riƙewa. Ta ɗaya ita ce ƙofar shigar murya, ta huɗu tana zuwa sifika, ta biyar da ta uku su ne na wuta. Ta biyu ce mai abin mamaki. Ta nan ake komo da kaɗan daga muryar da ta fita, domin aisin ya riƙa gwada abin da ya fitar da abin da aka ba shi yana gyarawa. Rizisto biyu ne suke tsai da yawan ƙarin: mai om 22,000 da mai om 680. Ka raba babban da ƙaramin, ka ƙara 1, za ka sami wajen 33. Watau muryar da ta shiga takan fita ninki 33. Mun sha yin irin wannan lissafi a aji muna hamma, ranar nan kuwa har gardama muka yi a kansa.

Abu biyu malam ya ja mana kunne a kai. Na farko, bayan aisin, inda ake ɗaura noti, a haɗe yake da ƙafa ta uku, saboda haka akwai wuta a jikinsa. Dole a sa siririn fallen maika tsakaninsa da farantin da yake shanye zafi, in ba haka ba farantin ya taɓa akwati sai hayaƙi. Na biyu, dukan wayoyin ƙasa su haɗu a wuri guda, tsakanin manyan kafasitan nan, wayar shigar murya kuma ta yi nisa da taransifoma. Wannan ne maganin gurnanin nan da akan ji a lasifikar biki ko ba a magana.

Gefen da bolt 230 yake shiga kuwa, Baba ya hana mu taɓa shi mu kaɗai. Dattijon nan ne ya sa fis, ya rufe wayoyin. Sa'ad da za a kunna, ya sa ƙwan fitila mai zare a kan hanyar wutar. Ya ce in akwai inda wayoyi suka haɗu, ƙwan zai haska sosai ya tare wutar, kayanmu su tsira. Ƙwan ya yi wal, sa'an nan ya dushe. Ya auna ƙafa ta huɗu da mita, ya ga kusan sifiri, sai a lokacin ya yarda muka ɗaura sifikar wata tsohuwar mota da muka sa cikin akwatin katako.

Malam ya ba mu wani labari da ya ƙara mana ƙwazo. A 1999 wani ƙaramin kamfani a Japan, 47 Labs, ya fitar da amfilifaya mai suna Gaincard, ana sayar da ita fiye da dala 3,000. Da mutane suka buɗe ta, sai suka tarar da aisi LM3875 da 'yan kaya kaɗan. Daga nan masu sha'awa a ƙasashe da yawa suka shiga haɗa irinta a gida, suna ce mata Gainclone.

Mun jona tamu ta ramin abin sa wa kunne na rediyon Kaka. Yanzu tana jin labaru tun daga gindin murhu, har tana gyara wa Baba in ya faɗi ba daidai ba. Amma ba ta sake mu ba. Ta ce, "Mazajen nan nawa, abinku sai da wuta? In an ɗauke fa?" Tana da gaskiya, gama yawancin dare a duhu muke. Mun riga mun tambaya: TDA2003 yana aiki da batirin mota ko na sola mai bolt 12, ba ya bukatar taransifoma, yana ba da wajen wat 6 ga sifika irin tamu. Akwatin yana da sauran wuri, mun kuma ajiye ragowar dalma da farantin alminiyam guda ɗaya domin hutun Kirsimeti.