Alƙalan da ba su ɗanɗana ba

Gidan da muka kama haya a birnin Porto, a arewacin Fotugal, na waɗansu tsofaffi ne, miji da mata, su a ƙasa mu a sama. Karatu ne ya kai mu, mu biyu, watanni kaɗan bayan aurenmu. Tun makon farko muka fara kiransu Baba da Mama, suka kuwa amsa. Tun makon nan kuma suka san ba ma shan giya, ba ma cin naman alade. Mama ta rubuta a takarda ta liƙa a jikin firji, kuma har muka bar gidan ba ta taɓa kuskurewa ba.

Ashe mun faɗo gidan da aka fi shekara 40 ana shari'a ɗaya ba a yanke ba, kuma shari'ar a kan giya ce.

Sunan garin shi ne sunan giyar. Inabinta can sama ake nomansa, a kwarin kogin Douro, kan tsaunukan da aka sassare hawa-hawa. Idan an matse shi ya fara tsima, kwana biyu ko uku, sai a zuba masa barasa mai ƙarfi da aka tace daga inabi. Tsimar ta tsaya cak, sauran zaƙin ya zauna, ƙarfin ya haura zuwa kusan kashi 20 cikin 100. Tun 1756 gwamnati ta shata iyakar yankin da ake nomansa. A da, da kwale-kwale ake gangaro da gangunan zuwa Gaia, tsallaken kogi daga Porto, inda rumbunan ajiya suke jere har yau, da yawansu ɗauke da sunayen 'yan kasuwar Ingila. A ɗaya daga cikinsu Baba ya yi aikin gyaran gangunan katako har ya yi ritaya.

Ga inda rigimar take. Akwai wadda ake bari ta tsufa a ƙaramar ganga, iska na shiga ta jikin katako a hankali, har janta ya koɗe ta koma ruwan zuma. Ita Mama ke so. Akwai kuma wadda ake ɗauka daga amfanin shekara guda tak, idan shekarar ta yi kyau sosai, ta yi kamar shekara biyu a ganga, sannan a rufe ta a kwalba ta tsufa a can cikin duhu. Wannan ta Baba ce. Mama ta ce butulci ne mutum ya ci abinci da ganga duk rayuwarsa, sannan ya koma yabon kwalba. Baba ya ce don ya san ganga ciki da bai shi ya sa ya san abin da take sacewa.

Kowace Lahadi sukan kira mu cin abincin rana. Nan muka yi tamu gardamar a sama, da murya ƙasa-ƙasa: ya dace mu zauna inda ake sha? Ɗayanmu na ganin haƙƙin maƙwabtaka, ɗayan zuciya ba ta kwanta ba. Ba mu faɗa wa kowa ba, amma Mama ta gane. Daga Lahadi ta uku kwalba ta daina hawa tebur. Sai an kwashe kwanuka, mun koma falo da shayinmu, su kuma su zauna can bakin taga da ƙananan kofunansu. Ko da hakan, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba a cikinmu bai taɓa sakewa gaba ɗaya ba, kuma ba za mu ɓoye wannan ba.

Daga bakin tagar nan suka naɗa mu alƙalai. Hujjar Baba ita ce mu kaɗai ne a unguwar babu wanda ya taɓa ba mu cin hanci. Kowa sai ya kawo bayaninsa. Mama ta lumshe ido ta ce tata ƙamshin busasshen ɓaure take da gyaɗar da aka soya, tana sauka a maƙogwaro ba faɗa. Baba ya ce wannan ai alewa ce ta yara. Tasa tana da nauyi, tana kama dasashi, sai an haɗiye sannan take fara magana. Mama ta ce abin da ke kama dasashi magani ne, a kai shi asibiti.

Baba ya ba mu labarin masu ɗanɗano na sana'a. Ba sa haɗiyewa, tofarwa suke yi. Sukan karkata kofi a kan farin abu don su ga launi, su shaƙa, su kurɓa, su juya a baki. Hukumar da ke kula da giyar tana da kwamitinta na masu ɗanɗano, kuma ba a gaya musu ta wane kamfani ce a gabansu. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne lambar da ke jikin kwalbar Mama. Mun ɗauka 20 na nufin duk abin da ke ciki ya shekara 20 cif. Ashe gauraye ne na tsofaffi da matasa, kwamitin ne ke tabbatar da cewa ɗanɗanon ya kai na mai wannan shekarun. Wato lambar ma hukuncin harshe ce. Baba ya ɗauka ya kama Mama da wannan. Ita kuwa ta ɗaga kafaɗa ta ce ko kwamitin ya ƙi, ita bakinta ya yarda.

Muna dariya, muna ganin abin na tsofaffi ne, har ranar da wani ɗan'uwa ya zo daga gida ya kawo mana goro a ƙunshe cikin ganye, fari da ja, har da 'yan daushe. A daren muka tsinci kanmu muna irin tasu. Ɗayanmu sai sabon fari, mai ruwa, mai ƙaras-ƙaras a haƙori. Ɗayan ya ce goro bai zama goro ba sai ya kwana biyu a huhu, baurinsa ya kwanta, garɗinsa ya fito. Shi kuwa mai son farin ya ce daushe goron tsofaffi ne. Muka tsaya muka dubi juna, don mun taɓa jin wannan zancen a ƙasan bene.

Lahadi muka sauko da shi a faranti. Baba ya ɗauki ja guda, ya ɗaga shi a hasken taga, ya ɓare, ya shaƙa, ya gutsura. Fuskarsa ta yamutse kamar an mare shi. Mama ko daƙiƙa uku ba ta yi ba ta tofar a tsumma, ta tambaye mu da gaske ko wani laifi suka yi mana.

Muka ce, "Baba, kada ka tofar. Tauna, sannan ka kurɓi ruwa."

Ya daure ya tauna, idonsa har da ƙwalla, ya kurɓi ruwan. Ya yi shiru ya daɗe. Can ya ce wa Mama, "Akwai zaƙi a bayansa. Sai an jira." Mama ta ce ta san za a rina, duk abin da ke wahalar da baki nasa ne.

Ranar da za mu taho, kwalbar da Baba ya ajiye ta 1977, shekarar aurensu, tana nan kwance a ƙarƙashin bene ba a buɗe ba. Shi ya ce ba ta kai ba tukuna, Mama ta ce ta wuce tun tuni. Muka bar masa sauran goron, muka nuna masa yadda zai naɗe shi a ganye ya riƙa yayyafa ruwa. Yana juya ƙunshin a hannu ya ce, "To shi wannan, idan ya daɗe, gyaruwa yake yi ko lalacewa?"

Muka amsa a tare, ɗaya ya ce gyaruwa, ɗaya ya ce lalacewa. Mama ta yi dariya har sai da ta dafa bango.