Ɗan Aiken da Ba Ya Tambaya

Cikin darussan da nake koyar wa ɗaliban ajin ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta, babu wanda ke faranta musu rai kamar rubuta jerin umarnin da zai shiga na'urorin sadarwa daga nesa, ya gudanar da aiki shi kaɗai. Ni kuwa babu darasin da nake shiga da fargaba kamarsa.

Kowane banki ko jami'a na da na'urorin rarraba intanet birjik, wasu a saman bene, wasu a reshen wani gari. A da, idan za a sauya kalmar sirri, sai ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya: ya shiga, ya buga umarni, ya jira amsa, ya fita. A 1990 wani Ba'amurke, Don Libes, ya fito da manhajar Expect, wadda kan saurari na'ura ta nemi kalmar sirri, ta miƙa mata, sannan ta aika umarni na gaba tamkar mutum ne zaune. A yau ɗalibaina da Netmiko ko Ansible suke yi, kuma aikin da kan ci kwanaki ya koma na 'yan mintuna.

Ba na raina wannan sauƙi, domin gajiyayyen hannu ma yana ɓarna. Sai dai mutum, in ya kai na'ura ta uku ya ga amsar ta sauya, gabansa kan faɗi, ya dakata. Rubutaccen umarni ba shi da gaban da zai faɗi. Ɗan aike ne mai ladabi fiye da kima: abin da ka ba shi zai kai wa na'ura ɗari biyu, alheri ne ko masifa, kafin ka aje kofin shayi.

Mai karatu zai tuna yammacin 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin sa'a shida, masu tallar atamfa ta waya suka yi ta zargin layinsu. Bayanin kamfanin shi ne, umarni guda da aka aika yayin gyara na yau da kullum ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsa, manhajar da aka ɗora wa tantance irin wannan umarni kuma ta bar shi ya wuce saboda wani lahani a cikinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ƙofar shiga daga nesa ita ma ta rufe, sai da injiniyoyi suka taka da ƙafa zuwa inda na'urorin suke.

Akwai kuma batun mabuɗi. Ɗalibi kan rubuta kalmar sirri tsirara a cikin aikinsa, sannan ya tura wa abokinsa ya duba masa. Wani kuma ya bi ta Telnet, wadda ke aika kalmar a fili, alhali tun 1995 Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH a Finland bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu.

Saboda haka rabin makin da nake bayarwa ba na saurin aiki ba ne. Ina duba ko umarnin ya adana tsohon tsari kafin ya taɓa komai, ko ya fara gwaji a kan na'ura guda, ko ya tsaya cak da ya ga amsar da bai zata ba, ko kuma ya bar na'urar da ya shigo ta cikinta zuwa ƙarshe. Ɗalibai na cewa na cika rowar maki, musamman waɗanda aikinsu ya kammala cikin daƙiƙa arba'in suka tashi da rabi.