Rumbu da Turmi a Cikin Kwamfuta

Wata rana wayata ta fara nawa, sai na kai wa mai gyara. Ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, ƙwaƙwalwarta ce ta cika." Na biya shi na tafi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ƙwaƙwalwa ba randa ba ce, yaya za ta cika? Da na bi diddigi, sai na gane cewa sunan nan da muke alfahari da shi, na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya haɗe abubuwa biyu waɗanda masu ƙera na'urar suka raba tun fil azal.

A shekarar 1837, Charles Babbage na Ingila ya tsara wani injin lissafi wanda bai samu kammalawa ba har ya rasu a 1871. Ya kasa shi gida biyu: wurin ajiye lambobi, da wurin sarrafa su. Ni dai na fi gane su da rumbu da turmi. Rumbu yana riƙe hatsi amma ba ya daka. Turmi yana daka amma ba ya ajiya. Umarnin aikin kuwa daga waje yake zuwa, a kan katuna masu huji irin na injin saƙa na Jacquard.

Ko ENIAC, wadda aka bayyana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, umarninta ba ya cikin rumbu. In ana son ta yi sabon aiki, sai an zare wayoyi an sake jona su, abin da kan ci kwanaki. Mafita ta fito a rahoton da John von Neumann ya rubuta a 1945, bisa tattaunawarsa da Eckert da Mauchly: a mayar da umarni lambobi, a zuba shi rumbu ɗaya da bayanai. A watan Yuni na 1948 wata ƙaramar na'ura a Manchester ta gudanar da aiki ta wannan hanya. Tun daga nan zagayen bai sauya ba: a ɗebo umarni, a fassara shi, a aiwatar, a koma ɗebo na gaba.

Sai dai tsarin yana da cikas. Hanya ɗaya ce tsakanin rumbu da turmi, kuma mai daka ta fi mai ɗebowa sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa aka ƙara 'yar ma'ajiya mai sauri a jikin masarrafa, tamkar ƙwaryar da ake ajiyewa gindin turmi don rage zirga-zirga.

Ashe ma rumbun iri biyu ne: na wucin gadi, wanda kan wofinta da zarar an kashe wuta, da na dindindin, inda hotuna ke kwana. Na biyun ne ya cika a wayata.

Ga mai nazarin Hausa, wannan ba ƙaramin darasi ba ne. Muddin muna kiran masarrafa da ma'ajiya biyun nan da suna ɗaya, ɗalibi zai haddace kalma ya rasa ma'ana. Yanzu in an ce mini ƙwaƙwalwa ta cika, nakan tambaya: wacce daga ciki?