Gwamnati ko kamfani, wa ya fi riƙe da mu?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, ku tuna watan Yunin 2021. Twitter ta goge wani saƙon Shugaba Buhari, gwamnati ta dakatar da ita, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Amma a wata bakwai ɗin nan mutane da yawa VPN kawai suka sauke, suka ci gaba da harkarsu.

To ranar 4 ga Oktoban 2021 fa? WhatsApp, Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, ba VPN ɗin da ya ceci kowa. Sanarwar lacca, saƙon malamin da ke duba tesis, gaisawa da Mama a gida, sana'ar da wasunmu ke biyan kuɗin makaranta da ita, duk suna hannun kamfani ɗaya, wanda yanzu ake kira Meta.

Shugaban ƙasa dai ƙuri'a ke kawo shi, ƙuri'a ke iya sauke shi. Zuckerberg wa ya zaɓe shi? In aka rufe maka shafi gobe, wa za ka kai wa ƙara?

Don Allah ku riƙa ajiye aikinku a filash, lambobin mutanenku kuma a takarda.